Shirwar Cikin Waya da Shirwar Sama

An yi wata Kaza mai fankama, tana da ɗa guda ɗaya tilo, sunansa Auta. A bayan gidansu akwai wata tsohuwar Zabuwa mai faɗan tsiya, wadda ke koya wa 'yan tsaki yadda ake tsira daga shirwa.

Karatun Zabuwa babu daɗi ko kaɗan. Sai ta baza su kiwo cikin rana, ta tashi fir ta gifta ta samansu. Duk wanda ya ga inuwarta bai faɗa cikin ciyawa ba, ya sha sara a ka.

Ran nan Kaza ta dawo daga birni da waya mai koyarwa, tana tafe tana yanga.

"Iya Zabuwa, daga yau Auta ya bar makarantarki," in ji ta. "Ga malamar zamani. Ba ta zagi, ba ta sara."

"To, ita wayar tana da fukafukai?" in ji Zabuwa.

"Ji tambaya! Ke dai ƙauyanci ya yi miki yawa."

"Ni ce baƙauya? Ki bar shi ya riƙa zuwa ko da hantsi ne, ya kalli abarsa da yamma."

"Ba zai zo ba!"

Gaskiya wayar ta iya koyarwa. Ta nuna wa Auta shirwa zaune a kan reshe, da launin gashinta da lanƙwasar bakinta. Ba a jima ba ya haddace komai, uwar kuwa har maƙwabta take kira su zo su sha mamaki.

Wata rana da hantsi ana kiwo a fili, sai wata inuwa ta gifta a ƙasa. Ɗaliban Zabuwa suka ɓace cikin ciyawa kamar ba a taɓa yin su ba. Auta ya tsaya ƙyam.

"Auta, shirwa! Gudu!" Zabuwa ta ƙwala ihu.

"A'a, Iya," in ji shi. "Shirwa tana da jan gashi da lanƙwasasshen baki. Wannan ai inuwa ce kawai."

Kaza ta ɗaga kai, ta hango shirwa. Ta yar da wayar, ta ruga ta kife a kan ɗanta. Shirwa ta kawo sura, ta tashi da gashin wutsiyar Kaza gaba ɗaya.

Can sai aka ji wata 'yar murya daga ƙarƙashin fiffike: "Inna, kin danne ni."

Kaza ta fashe da kukan murna. Zabuwa ma ta sauke ajiyar zuciya. Sai ta ɗauki wayar ta ƙura wa hoton ido.

"Ashe haka fuskar 'yar banzar take," in ji ta. "Na tsufa ina gudunta, ban taɓa ganin idonta ba. Gobe ku zo da abar nan, kowa ya gani. In an gama, sai fili."

Washegari Kaza ce ta fara isowa, da Auta da waya, babu wutsiya, babu yanga. Ta zauna can baya inda ba mai ganin bayanta.

Darasin wannan labari shi ne, na'ura tana taimaka wa karatu, amma ba ta maye gurbin malami da gwaji. Ku kalli abin da take nuna muku, sannan ku fita ku koye shi yadda zai zo muku a zahiri.