Abin da Tela Ya Faɗa Ƙasa-ƙasa

Akwai wata yarinya mai koyon aikin ba da shawara, irin mutanen da ake zuwa wurinsu idan zuciya ta yi nauyi. Ga ƙwaƙwalwa, ga baki. Abokan karatunta Rediyo suke ce mata.

Makarantarsu na da doka. Duk wanda ya zo, da izininsa ake naɗar hirar a waya, kuma a ranar ɗaliba za ta zauna da malamarta su saurara.

Wata Talata wani tela ya zo, wata biyu da rasuwar matarsa. Ya ɗosana a bakin kujera, zare maƙale a hannun rigarsa. Rediyo ta zuba masa nasiha ta minti arba'in. Ya yi godiya ya tafi.

Malama ta ce, "Kawo mu ji."

"Haba Malama, ni da na yi maganar? Na san abin da na faɗa."

"Ba naki nake son ji ba, 'yar nan."

Rediyo ta ce cajin wayarta ya ƙare. Washegari ta ce ciwon kai. Sai da aka kwana takwas Malama ta rufe ƙofar ofis, ta ce ba mai fita.

Suka kunna. Muryar Rediyo ce ta cika ɗakin. Can tsakiya, ƙasa-ƙasa, tela ya ce, "Na ba ƙanena keken ɗinkin. Ba zan ƙara bukatarsa ba."

Sai muryarta: "Madalla Baba, kyauta abu ne mai kyau! To kamar yadda nake cewa..."

Can gaba ya ce, "Yaran ma na kai su wurin gwaggonsu."

"To ai ka huta!"

Malama ba ta yi faɗa ba. Mayafinta ta ɗauka.

Suka nufi shagon telan, suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai gyaran takalmi na gefe ya ce, "Ranar Alhamis ya bar mini makulli, ya ce in yafe masa. Ƙanensa ya duba asibiti, ya duba tasha. Shiru."

Rediyo ta ƙirga da yatsu. Talata, Laraba. Kwana biyu cur yana zaune a shagon nan, maganarsa na naɗe a wayar da ke cikin jakarta.

Har yau yaran na wurin gwaggonsu, shi kuwa telan ba a ji ɗuriyarsa ba.

Darasi: Ni ban yi boko ba, amma na san mai ciwon zuciya ba ya ihu, sau ɗaya yake faɗa, a hankali. Ku rufe baki ku saurara, kuma in an ce ku dawo ku ji kanku, ku ji a ranar. Ku tura wa 'ya'yanku masu ganin sun gama sani.