Kujerar da Malama Ba Ta Hau Ba

"Wai wane mara imani ne ya ɓata Malama a wurin masu bincike?"

Mai kitso ce ta yi wa wata wannan tambayar. Akwai wata matar aure a gefe tana jiran a zo kanta, sabuwar zuwa unguwar, kowa Amarya yake ce mata. Tana jin haka ta sunkuyar da kai, ta shiga gyara zanin da babu abin da ya same shi.

Ga yadda abin ya faru. An tashi naɗa kwamitin da zai sa ido a kan halayen alƙalai, inda talaka zai kai kuka idan alƙali ya zalunce shi. An ware kujera ɗaya ga mutumin gari wanda ba lauya ba. Sunan Malama aka fara kawowa, tsohuwar shugabar makaranta, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da na su Amarya.

Malama mace ce mai gaskiya, sai dai bakinta ba shi da linzami. Ta taɓa kama Amarya tana zubar da ruwan wanki a lungu.

"Ke Amarya, a gidanku haka aka koya miki? Ko kifi za ki kiwata mana?"

Mata suka kwashe da dariya. Amarya ta ƙulle abin a ranta.

Kafin a naɗa mutum sai an bi maƙwabta an tambayi halinsa, kamar binciken aure. Ranar da masu binciken suka yi sallama a gidan su Amarya, mijinta yana gareji, ita ta leƙo.

"Baiwar Allah, yaya zamanku da Malama? Tana da adalci?"

Amarya ta taɓe baki.

"Ni dai ba na son shiga maganar manya. Amma in ba nata ba ne kai, ba ka da gaskiya a wurinta."

Suka dubi juna, suka yi godiya, suka wuce. Da naɗin ya fito, wani ɗan kasuwa aka ba kujerar, wanda 'yarsa ke auren wani alƙali.

Ba a jima ba mahaifin Amarya, kafinta ne, ya shiga shari'a a kan rumfar da ya tsufa yana aiki a cikinta. Alƙali ya ƙi sauraron shaidunsa, ya ce masa tsohon banza a gaban jama'a, ya ba abokin shari'arsa rumfar. Tsoho ya kai kuka kwamiti. Yana shiga ya tarar da ɗan kasuwar nan, surukin alƙalin da ya yi masa shari'a, a zaune, har da yi masa murmushi. Aka ce ƙorafinsa ba shi da tushe.

Ya biyo gidan 'yarsa da zarto da guduma a cikin buhu, don ba shi da wurin ajiye su. Ya zauna a tabarma, ko ruwa ya kasa sha.

Malama ta ji labari ta shigo, ta durƙusa duk da ciwon gwiwarta.

"Baba, sannu. Gobe ka shirya, ni zan raka ka mu ɗaukaka ƙara. Ba ni da kujera, amma ina da ƙafa."

"Allah ya saka miki, Malama. Da ke ce a ciki, ai da an ji bakina."

"Bar shi, Baba. Wataƙila halina aka faɗa musu. Na san bakina da zafi." Ta juyo wajen Amarya. "Ke kuma 'yata, daina kuka, kar ki karya masa zuciya."

Ta kama bakin mayafinta ta share wa Amarya fuska.

Amarya ta buɗe baki. Saura kaɗan ta faɗi abin da ta gaya wa masu bincike. Ta dubi mahaifinta, wanda kullum yake yabonta da cewa ita ba ta iya surutu ba. Ta dubi hannun Malama a kafaɗarta. Ko maganarta ce kaɗai ta hana kujerar, ko da ta wasu, ba ta sani ba, kuma babu wanda za ta tambaya.

"Me za ki ce, 'yata?"

"Babu komai, Malama. Na gode."

A nan ta yanke cewa ko mijinta ba zai ji ba. Kayan nata ne, ita za ta ɗauka.

Darasi: In aka tambaye ka shaida a kan mutum, ajiye haushinka ka faɗi gaskiya. Mai adalcin da ka hana kujera yau, gobe naka ne zai je neman sa ya rasa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani yana gab da buɗe baki.