Gawar Kallamu da Wutar da Ta Ƙi Ci

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, 2008, da ƙarfe goma da rabi na safe, 'yan sanda biyu suka shiga ginin kasuwa na Tianxiu, a ƙasar China, da hoton wani baƙar fata da ya yanke jiki ya faɗi a titin Zhanxi ya cika, babu takarda a jikinsa. Da suka iso shagon Tankari, mai tura kaya gida ta jirgi, ya gane Kallamu, ɗan Nijar mai sarin takalma. Fasfon mamacin ma yana cikin durowarsa, an ba shi don cike takardun kaya. Amma bizar Tankari ta mutu tun Yuli. Ya girgiza kai, ya ce "meyo", wato babu, suka wuce.

Ya yi shiru da maganar, mutane suna zaton Kallamu ya je sari wani gari. Bayan mako guda wata 'yar China mai yi masa tafinta ta binciko masa cewa gawar da ba mai ita ƙona ta za a yi, kuma an sa ranar Alhamis. Alhamis ta zo, rana ta karkata, tsoro bai sake shi ba. Sai bayan la'asar ya tafi wurin Shehu Malam.

Shehu Malam, Allah Ya ƙara masa yarda, kogin ilimi ne a fiƙihu da tafsiri, mai tsantseni, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Garinsu ɗaya da Kallamu: wani tsohon birnin dausayi a tsakiyar Sahara, mai rijiyoyi da dabino da masallacin ƙasa, inda ayarin gishiri da mahajjata masu tafiya a ƙasa suke yada zango tun zamanin da ba a san farkonsa ba. Al'adarsu, duk baƙon da ya rasu a hanya, su suke wanke shi, su binne shi cikin iyayensu, ba sa tambayar asalinsa.

Tankari ya durƙusa ya faɗi komai, ya ce ya makara. Malam yana jan carbi ya tambaye shi:

"Kakanka Hadi da ya tafi hajji da ƙafa bai dawo ba, wa kake tsammani ya wanke shi?"

Tankari ya ɗago kai ya dube shi, don ko matarsa bai taɓa gaya wa wannan suna ba.

"Allah gafarta Malam, idan na je kama ni za su yi."

"Za su kama ka. Ɗauki fasfon ka je da safe. Garin da ya rufa wa baƙi asiri, ba za a ƙona ɗansa ba."

Da safiyar Juma'a ya je wurin ƙona gawa. Ma'aikacin wurin ya shaida masa cewa jiya sau uku aka tura gawar cikin na'urar ƙonawa, sau uku wutar tana mutuwa, alhali ta ci wadda ta gabace ta, ta ci wadda ta biyo ta. Har mai gyara aka kira, bai ga abin da ya lalace ba. Tankari ya miƙa fasfon Kallamu, suka nemi nasa. Daga nan aka wuce da shi.

Bai ga jana'izar ba. Yana tsare aka yi ta a maƙabartar Musulmi, Malam ne ya ja sallar. Bayan kwana talatin aka sa shi a jirgi a filin jirgin Baiyun, aka hana shi dawowa. Shagon ya mutu.

Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya hore wa bayinSa na gari abin da Ya so. Allah Ya ba mu albarkacin Shehu Malam, Ya sa mu samu masu wanke mu.

Waɗanda suka saura: Tankari, a Kano, yana ɗinkin buhu, Fasuma, matar Kallamu, a birnin dausayi, 'yarsu Saude, wadda aka haifa bayan tafiyarsa, da Shehu Malam, wanda idonsa ya tafi a shekarar da ta biyo, bai fasa karantarwa ba.