Kofin da Rodel Ya Miƙa wa Amininsa

Akwai wani masunci a garinmu na bakin teku a Leyte, ƙasar Filifin, mai suna Rodel. Duk yammar da maza suka zauna shan bammin kwakwa, shi ne mai zubawa. Kun dai san tagay: kofi ɗaya tak ake zagayawa da shi, mai zubawa ya cika ya miƙa maka, ka shanye ka mayar masa. Wanda ya ture kofin kuwa ya ci fuskar mai zubawa. Rodel ji yake da wannan aiki kamar sarauta aka naɗa shi.

Yana da amini, Eking, wanda ya riƙe masa 'yarsa ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna Pare. Eking ya sha har idanunsa suka yi rawaya, likita ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa hantarsa ba za ta ƙara ɗaukar ko kurɓi ɗaya ba. Ya tsorata, ya nemi wani taro da masu fama da giya suke yi don tallafar juna, ya daina. Har ya fara yin kumatu.

Ranar bikin gari aka taru a gidan Rodel da rana tsaka, ga gasasshen kifi, ga bammi. Kofi ya zagayo kan Eking.

"Pare, naka ne."

"Ka tsallake ni, Pare. Ka san halin da nake ciki."

"In tsallake ka? A gidana, gaban jama'a? To ku matsa wa waliyyi, kada warinmu ya ɓata shi. Ko 'yan taron koke-koken ne suka hana ka?"

Aka kwashe da dariya. Wani dattijo ya miƙo hannu ya ce a ba shi ya sha a madadin Eking, kamar yadda al'ada ta yarda. Rodel ya ture hannun ya ce, "Yana da bakinsa."

Mu nan, mutum gara ya cutu da a ce ya kunyata mai gida. Eking ya dubi fuskoki, ya karɓa ya shanye.

Daga wannan kofin bai sake tsayawa ba. Kafin damina ta fita aka binne shi.

Rodel bai yi kuka a maƙabarta ba, sai ya ƙara yawan sha. Hannunsa ya fara rawa har ɗinkin koma ya gagare shi. Wata safiya matarsa Nimfa ta dube shi ta fashe da kuka, domin idanunsa sun fara yin rawaya irin na marigayin.

A ranar ya shiga neman taron da ya sha yi wa ba'a. Ya tambaya a coci, aka ce ba nan ake yi ba. Ya tambayi abokan zama, ashe su ma dariyar kawai suka iya, ba wanda ya taɓa tambayar Eking ina yake zuwa. Mutum ɗaya ta rage a garin da ta sani: Luding, matar marigayin, wadda yake kira Mare saboda zumuncin baftismar nan.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya same ta tana shanya kifi, ya tsaya nesa da hula a hannu.

"Mare, wurin nan da Pare yake zuwa, a ina yake?"

Ba ta ɗago ba. Ta juya kifi, ta sake juya wani.

"Sai yanzu?"

"Sai yanzu, Mare."

"Kada ka ɗauka na yafe maka, Rodel, ban yafe ba. Amma ba na so Nimfa ta sa baƙaƙen kaya kamar ni. Garin gaba, ɗakin da ke bayan kasuwa, Asabar da safe."

Ya je. Mutane kaɗan ne a ciki, maza da mata, da butar gahawa da burodi a kan tebur. Kowa yana faɗin sunansa da abin da giya ta yi masa, ba mai katse wani. Da layi ya zo kansa sai ya miƙe.

"Sunana Rodel. Giya ta fi ƙarfina. Kuma ni ne na kashe ɗaya daga cikinku."

Wani tsoho da ake kira Mano Tasyo, wanda ke jagorantar zaman, ya ƙura masa ido.

"Kai ne Rodel mai zubawa?"

Ya gyaɗa kai, ya fara laluben ƙofa da ido, domin ya sakankance korarsa za a yi.

Tsohon ya ce, "Eking bai taɓa zuwa nan ya tafi bai ambaci sunanka ba. Cewa yake, 'Pare na ya fi ni buƙatar ɗakin nan, girman kai ne kawai ya riƙe shi. Ranar da ya zo, ko ba na nan, kada ku bari ya koma.' Zauna, ɗana. Mun daɗe muna jiranka."

Nan Rodel ya durƙushe ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba. Har yau ba ya fashin Asabar, idanunsa kuma sun washe. Shi ya rayu, amma wanda ya nema masa wurin bai ga wannan ranar ba.

Darasi: Idan mutum ya ce ya daina, ka taya shi tsayawa, kada ka auna zumunci da abin da zai halaka shi. Kai kuma da abin ya fi ƙarfinka, ka ajiye girman kai ka nemi waɗanda suka bi hanyar kafin kai tun da sauran lokaci. Ku tura wannan labari ga wanda kuka san yana fama, wataƙila shi yake jira.