Maɓallan da Kwarteng Ya Rubuta

Akwai wani saurayi a Kumasi mai suna Kwarteng. Aikinsa shi ne rubuta 'yan kalmomin nan da kuke gani a manhajar waya: abin da ke kan maɓalli da saƙon da ke faɗo muku a fuska. Kamfaninsu na da manhajar aika gayyata, ta biki, ta suna, ta kowane irin taro.

Kwarteng yana da baki, kuma ya san yana da shi. Matsalarsa ke nan.

Shi a wurinsa rubutun da bai sa mutum dariya ba bai cika rubutu ba. Idan gayyata ta iso wayarka, maɓalli biyu za ka gani. Na farko ya ce: "Zan zo mu cashe!" Na biyu ya ce: "Ba zan zo ba, ban damu da ku ba." Wanda ya yi shiru kuwa, kullum sai manhajar ta tsokane shi: "Barci kake yi ne? Ana jiran ka a filin rawa!"

Abokiyar aikinsa Afrakoma ta yi masa magana tun farko. Ta ce mutanen garin nan gayyatar makoki ta fi yawa a wayoyinsu, a ware wa makoki kalmominsa daban. Ta ce wanda ba zai samu zuwa ba, a bar shi ya faɗa ba tare da an cusa masa baƙar magana a baki ba.

"Ke tsohuwa ce aka sa wa wandon zamani," in ji Kwarteng. "Ki je ki rubuta wa banki, can ne ake son rubutu mai ɗaure fuska."

Ta ce, "Chale," wato aboki a bakin 'yan Ghana, "abu ɗaya nake so. Tsaya gaban mutum ka faɗa masa wannan maganar ido da ido. In ka iya, a bar ta."

Ya yi dariya. Matasa suna son manhajar, mai kamfani ma yana yaba masa, don haka aka bar komai yadda yake.

Ana nan sai Wofa Adusei ya rasu, kawun Kwarteng na wajen uwa, wanda ya raine shi ya sa shi makaranta. Da dangi suka zauna tsara makoki, Kwarteng ya miƙe ya ce su bar masa gayyata. Ya rubuta sanarwa mai ladabi, ya sa hoton mamacin cikin zanen kente, ya tura wa kowa. Mai aikawa ba ya ganin abin da ke fitowa a wayar wanda aka gayyata, shi kuma baƙin ciki ya mantar da shi maɓallansa.

Mamacin yana da yaya, Maame Dufie, wadda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar. Ita ta goya ƙanin nata yana yaro. Ba ta iya tashi, amma idonta garau, wayarta kullum tana gefen filo. Ta duba maɓallan nan biyu. Ba za ta ce za ta cashe a kan gawar ƙaninta ba. Ba kuma za ta ce ba ta damu da shi ba. Sai ta kife wayar.

Washegari wayar ta tambaye ta ko barci take yi, ana jiran ta a filin rawa. Jibi ma haka.

Maganar ta kai kunnen shugaban dangi. Ya sa aka kira Kwarteng, ya sanar da shi cewa ranar makoki ba zai zauna a layin dangi ba, inda ake miƙa wa masu gaisuwa hannu. A bayan rumfa zai tsaya tare da baƙi, sai fa idan Maame Dufie ta yafe. Wanda ya san Asante, mutanen Kumasi, ya san girman wannan abin kunya ga yaron da ya tashi a hannun mamaci.

Kwarteng ya sami dattijon da zai roƙa masa, suka ja rago suka tafi. Kwarteng ya durƙusa a bakin gadon Maame Dufie ya fara bayani: ai ba ita yake nufi ba, rubutu ɗaya ne ke zuwa wa kowa.

Ta miƙa masa wayar da hannunta mai lafiya.

"Karanta min. Da bakinka, kana kallo na."

Ya duba allon, ya dubi ƙafafunta da ke lulluɓe. Bakin nan da ya cika ofis ya kasa buɗewa.

"Ka kasa? To me ya sa ka aiko ƙarfe ya faɗa min?"

Ta ce a mayar da ragon, ba ta da haƙorin nama. Sharaɗinta ɗaya: duk tsohon da saƙon ya je wa, Kwarteng ya taka da ƙafarsa ya gayyace shi da baki. Haka ya yi ta zagaye daga unguwar Bantama zuwa ta Asafo cikin baƙin zane, yana koyon yadda ake faɗa wa mutum mutuwa.

Da ya koma ofis, teburin Afrakoma ya fara nufa. Ba ta ce masa ai na faɗa ba, kujera kawai ta tura masa. Suka ware wa makoki kalmominsa, suka cire tsokanar nan gaba ɗaya. Maɓallin farko ya koma "Zan halarta." Na biyu ya koma "Ba zan samu zuwa ba, ina yi muku ta'aziyya."

Ranar makoki Kwarteng ya zauna a layin dangi, amma can ƙarshe. Maame Dufie tana gida a kan gadonta. Da safiyar nan ta ɗauki wayarta ta danna maɓalli na biyu.

Darasi: Duk kalmar da ka ɗora a wayar mutane, kai ne ke magana, ko da ba a ga fuskarka ba. Ba ka san halin da mai karantawa yake ciki ba, don haka ka faɗi abu a sarari, ka bar wa mutum hanyar cewa a'a da mutuncinsa. Abin da ba za ka iya faɗa ido da ido ba, kada ka rubuta shi. Ku tura wa 'ya'yanku masu aikin manhaja, musamman masu ganin sun iya barkwanci.