Tsakuwa Ashirin da Ɗaya a Aljihu

An yi wani mutum a nan garin Makka, haihuwar unguwar Jarwal, jikan waɗanda suka tako daga ƙasar Hausa da ƙafa. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu yana raye. Gidansu gidan hidimar alhazai ne tun kakansa. Duk shekara akwai wata tawaga daga Gusau da ba ta yarda da kowa sai 'ya'yan gidan, su ne ke yi mata jagora a Mina, su kai tsofaffi wurin jifa su dawo da su tanti.

Mutumin nan ba mashayi ba ne, ba ɓarawo ba ne, yana sallarsa. Abu ɗaya ne ya cika masa zuciya, wato wani ɗan wasan gaba na ƙasar Kolombiya wanda ya daɗe da ajiye ƙwallo. Ni kaina na sha mamakin abin. Me ya haɗa ɗan Jarwal da mutumin da ko yarensa ba ya ji? Da na bincika sai aka ce mini yana saurayi ya gan shi a filin wasa a Jidda, shekarar da wani kulob na can ya ɗauke shi, ya ci ƙwallo da ka a gabansa. Tun daga ranar bai sake zama daidai ba.

In ka zauna da shi, sai ya karanta maka tarihin ɗan wasan kamar hadda. Zai gaya maka ƙaramin kulob ɗin da ya faro a wani gari na bakin teku, da shekarun da ya yi a Meziko, da zuwansa Italiya inda gwiwa ta ci amanarsa, da wasa talatin da huɗu da ya buga wa ƙasarsa. Ka tambaye shi ranar haihuwar 'yarsa, sai ya leƙa ɗaki ya tambayi matarsa.

Akwai kuma wata tambaya da ta hana shi sakat shekara da shekaru. A wani wasan neman gurbin Kofin Duniya, ɗan wasan ya rage daga shi sai mai tsaron gida, amma maimakon ya buga sai ya miƙa wa wani, wancan ya zubar. Ƙasar ba ta je gasar ba, shi ma ba a sake kiransa ba. Me ya sa bai buga ba? Tsoro ne, ko gwiwar ce, ko karamci? Mutumin namu ya kalli bidiyon nan ya fi a ƙirga, bai samu amsa ba.

To, wata shekara a cikin tawagar Gusau akwai wani dattijo, Malam Hafizu, wanda ƙafafunsa suka kumbura tun daga Arfa. Ranar sha uku ga wata, ranar ƙarshe ta jifa, ya kasa ko miƙewa. Ya kira mutumin nan, ya ƙirga masa tsakuwa ashirin da ɗaya a tafin hannu, bakwai ga kowace Jamra, ya ce, “Ɗana, mahaifinka ne ya jefa wa mahaifiyata. Ka jefa mini, ni zan kwanta.” Ya karɓa ya zuba a aljihu, ya ce an gama.

Yana fita daga tanti wayarsa ta yi ƙara. Wani aboki ne ke shaida masa cewa ɗan wasan nan yana Jidda, an kawo shi wani babban kanti yana gaisawa da masoya, yau kaɗai, gobe zai tashi.

Ya 'yan uwa, ku lura da yadda Shaiɗan ke aikinsa. Bai ce masa kada ya jefa ba. Cewa ya yi, yanzu rana ta karkata, cunkoso ya yi yawa, kai da ka san Mina ai ka san da la'asar sakaliya wurin ke sakewa. Jidda tafiyar awa ɗaya ce, ka je ka dawo, rana ba ta faɗi ba. Lissafin gwani ne. Baƙo ba zai taɓa yin wannan kuskuren ba, domin baƙo tsoron lokaci yake yi. Sanin wurin ne ya rufe masa ido.

Ya tari tasi. A Jidda ya tarar da layi har waje. Ya duba agogo ya ce da sauran lokaci, ya sake dubawa ya ce in direba ya taka za a kai. Da layi ya zo kansa, sai ya ga wani mutum mai furfura da tumbi, gajiya ta bayyana a fuskarsa. Ya yi tambayarsa ta bakin tafinta. Ɗan wasan ya ɗan yi tunani, ya yi dariya, ya faɗi wata gajeriyar magana. Tafinta ya juyo ya ce, “Wai bai tuna wasan ba.” Aka ɗauke su hoto, aka ce na baya ya matso.

A hanyar dawowa aka kira magariba, lokacin jifa ya fita. Ya sa direba ya tsaya, ya zazzage aljihunsa a gefen titi.

Har a nan ƙofa a buɗe take. Malamai sun ce wanda jifa ya kuɓuce masa sai ya yi yanka, hajjinsa na nan. Da ya durƙusa gaban dattijon ya faɗi gaskiya, da kunyar yini ɗaya ce. Amma da Malam Hafizu ya tambaye shi, sai ya ce ya jefa. Dattijo ya dafa kansa ya yi ta sa masa albarka, bayan kwana shida ya hau jirgi.

Ba wanda ya tona shi sai bakinsa. Bayan wata biyu ana zaune a gidan yayansa Muhsin a unguwar Shisha, hira ta biyo ta kan ƙwallo, ya kasa haƙuri. Ya fito da hoton yana ba da labari cikin takaici, wai mutumin ko tuna wasan bai yi ba. Muhsin ya karɓi wayar, ya ga rigar jagoran alhazai a jikin ƙanensa, ya ga kwanan wata. Ya ce, “Ɗayyib, da kyau. Ranar sha uku kana Jidda. To wa ya jefa wa Malam Hafizu?”

Muhsin ya sa shi ya kira Gusau da bakinsa, don a yi yankan, shi kuma ya nemi gafara. 'Yar dattijon, Mujahida, ita ta ɗauka. Tana jin daga Makka ne sai ta hau godiya tana kuka. Ta ce Baba ya rasu mako biyu da suka wuce, kuma har ya cika yana yi wa ɗan Makkan da ya jefa masa addu'a. Dole ya buɗe baki ya gaya mata abin da ya yi. Sai ta kashe wayar.

An yi yankan, amma tawagar Gusau ba ta sake sauka a hannun gidan ba. Hidimar da kaka ya bar wa uba, uba ya bar wa 'ya'ya, ta ƙare a kansa. Muhsin ya daina zama inda yake zaune. Ni na gan shi bara a Jarwal, ya rame, ya tare ni yana tambaya ko akwai hanyar da ake neman gafarar wanda ya riga mu gidan gaskiya. Wallahi ya ba ni tausayi. Na ce ya tuba, ya yi ta yi wa mamacin addu'a da sadaka, sauran sai ranar da za su tsaya gaban Allah su biyu.

Ya 'yan uwa, ban ce kallon ƙwallo ne ya hallaka shi ba. Amana ya jinkirta saboda abin da ransa ke so, sannan ya lulluɓe ta da ƙarya. Ya haddace rayuwar wanda bai san da shi ba, ya tozarta wanda ya kira shi ɗansa. Kowannenmu ya duba zuciyarsa, wa ya cika ta? Kuma amanar wa ka ajiye kana cewa akwai sauran lokaci?

Allah ya tsare mu da cin amana, ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya tun masu haƙƙi suna raye. Allah ya kiyaye mu, amin.