Lotsattsen Gwangwani

An yi wani mutum, direban motar raba lemo. Ranar da zan ba ku labarinta yana cikin tasi da safe, shi da matarsa da ɗansu mai shekara biyar, za su asibiti. Ga abin da suka ɗauko: zani biyu, tawul, wandon canji na yaro, katin asibiti, cajar waya, filas. Sai gwangwanin lemo ɗaya a aljihun rigar mutumin. Matarsa ba ta san da shi ba.

Ya 'yan uwa, mutumin nan ba mashayi ba ne, ba ɗan caca ba ne. A sahun gaba yake sallah. Zunubinsa bai fi cikin tafin hannu ba.

A sana'arsu, duk gwangwanin da ya lotse a hanya masu shago ba sa karɓa. Mai kula da sito yakan bar wa direbobi su kwashe. Shi nasa gida yake kaiwa. Tun yaron yana rarrafe yake zuba masa a fida, kwalbar shan madarar jarirai. Kafin ya iya magana sosai ya daina shan ruwa. In aka miƙa masa sai ya ture, ya ce babu daɗi.

Yaro ya yi jiki. Uban ya sa masa suna Manaja. Shi uban da yunwa ya tashi, har ana ƙirga haƙarƙarinsa, kuma bai manta ba. Yakan ɗaga yaron a gaban maƙwabta yana nishi, ya ce, "Ku ɗauke shi ku ji! Wannan ya yi kama da ɗan gidan yunwa?" A yi dariya. Daɗin dariyar nan ya fi masa komai.

Uwar yaron tela ce, don haka ita ta fara gani. Wandon da ta ɗinka masa, wata bai cika ba sai ta farke ta ƙara masa ƙyalle. Cinyoyinsa suna gogar juna har sun saɓule. Yana minshari kamar tsoho. In yara suka ruga da gudu, shi sai ya zauna a bakin dakali yana haki.

Ta kai shi awo. Nas ta ce mata sukarin da ke cikin gwangwani ɗaya ya wuce abin da ya kamata yaro kamarsa ya sha a yini. Ta ce kada a yanke masa lokaci guda. A sirka da ruwa, a ƙaramin kofi, sai lokacin cin abinci, ana ƙara ruwan har lemon ya ɓace.

Uwar ta yi haka. Yaron ya yi birgima, ya yi jifa da kofi, ya cije ta a hannu. Ta daure. A hankali kukan ya ragu. Wata rana ya ɗauki kofin ruwa da kansa ya sha. Ta kusa cin nasara.

Uban ya ce, "Ɗana ake auna wa lemo kamar maganin tari? A gidan da lemo ke shigowa kyauta?" Da ta nace, ya ce ya ji. A baki.

Da yamma sai ya riƙa ajiye motar a ƙarshen layi, ya danna hon. Yaron ya san hon ɗin. Ya fita wai tarbar Baba, a ja shi sama cikin motar, a rufe ƙofa. Gwangwani yana bayan kujera.

"Wannan sirrinmu ne na maza. In Mama ta tambaye ka, me za ka ce?"

"Ban sha komai ba."

"Namiji!"

Ya goge masa baki da tsumman goge gilashi, su shiga gida riƙe da hannun juna.

Uwar tana ta sirka ruwa, sikeli yana ta hawa. Nas ta fara kallonta kallon maƙaryaciya. Ta rantse, ba a yarda ba. Ta tambayi mijinta ko ya san dalili. Ya ce, "Jinin gidanku ne. Dubi yayarki, ai ƙofa ma a karkace take shiga." Ya yi dariya shi kaɗai.

Haƙoran yaron suka yi baƙi, suka ɓurme. Ɗaya ya tara mugunya, kumatu ya kumbura har ido ya ƙanƙance. Likita ya ce sai an cire guda huɗu, kuma sai an yi masa allurar barci. Ya ja musu kunne: ranar aikin kada yaron ya ci, kada ya sha. Cikinsa ya zama babu komai.

Ranar ce suka hau tasin nan.

A asibiti layi ya yi tsawo. Yaron yana kukan ƙishirwa a kan benci, mutane suna juyowa suna kallo. Uwar ta tashi ta kai kati. Uban ya dubi ɗansa, ya dubi mutanen. Ya ce a ransa, lemo ai ba abinci ba ne. Ya ja shi ƙarƙashin bene, ya fasa gwangwanin. Yaron ya shanye tas. Uban bai ga kwandon shara a kusa ba, sai ya mayar da gwangwanin aljihu.

Ba su gama zama ba aka kira su.

Nas ta tambayi uwar, "Ya ci wani abu? Ya sha?"

"Ko ɗigo."

Nas ta sunkuya. "Manaja, faɗa mini gaskiya, ka sha wani abu?"

Yaron ya kalli ubansa. Ya ce, "Ban sha komai ba."

Uban yana tsaye. Kalma ɗaya ta isa. Da an ɗage aikin, a yi masa faɗa, ya ji kunya ta rabin yini. Sai ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Yaron ya yi amai yana cikin barcin allura. Aman ya koma huhunsa. Likita ya fito bai ko cire safar hannu ba, ya ce abin da suka zuƙo daga ƙirjin yaron ruwa ne mai kalar lemo. Ya ce, "Wa ya ba shi?"

Uwar ba ta yi ihu ba. Ita ta ɗinka rigar, ta san zurfin aljihun. Ta sa hannu ta fito da gwangwanin, ta ajiye a kan benci tsakaninsu.

Yaron ya yi kwanaki da yawa inji yana yi masa numfashi. Allah ya yi da sauran kwanansa. Ranar da aka bar uban ya shiga, yaron ya buɗe ido, ya ce da dasasshiyar murya, "Baba, ka kawo?" Uban ya buɗe masa hannuwa, babu komai. Yaron ya juya fuska ga bango.

Ya 'yan uwa, me mutumin nan ya ciyar da ɗansa? Sukari, da ƙarya. Ya ɗauka so ne. Ba so ba ne. Yunwarsa ta dā yake ciyarwa, da idon maƙwabta. Ɗa amana ne, ba allon talla ba ne da za a rataye don a ga kana da hali. Jikinsa ba naka ba ne, za a tambaye ka a kansa. Wane ne a cikinmu bai taɓa sayen shirun yaro da kwalba ba? Wa bai taɓa rushe da yamma abin da uwa ta gina tun safe ba, don a ce Baba ya fi kirki? Ku ba su ruwa. Su yi kuka. Kukan ruwa ba ya kai yaro ga inji. In uwa ta ce a rage, kada ka zama ƙofar baya.

Da aka sallame su, uwar ta wuce da yaron gidan wanta. Direban ya bi su da ƙunshin ruwan gora a kafaɗa. Ita ta buɗe ƙofa. Ba ta matsa masa hanya ba.

"Ruwa na kawo, Maman Manaja."

"Akwai famfo a nan. Kuma kada ka ƙara kiransa da sunan nan." Ta dube shi. "Sukarin zan iya raba shi da shi, na taɓa yi. Ƙaryar ce ban san ta inda zan fara ba. Ba zan mayar da shi inda zai ji hon ɗinka ba."

Ta rufe ƙofa. Ya ji ƙarar sakata.

Allah ya kiyaye mu daga cutar da 'ya'yanmu da hannun da muke shafa musu kai. Amin.